Neman Baban Talatu a Gashuwa

Jirgi ya sauke mu a Nguru da hantsi, a shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama. Nan ne ƙarshen layin dogo. In ka tsaya a tasha ka duba gabas, sai ka ga ƙarafunan sun ƙare haka kawai a cikin yashi, kamar mai shimfiɗa su ya gaji ya tafi gida. Warin ƙiraga ya cika ko'ina, raƙuma na ta gurnani, ga buhunan gyaɗa an tara har sama. Na tsaya da ƙunshina a ka, na ce a raina, wato wannan ne garin da Habu ya fifita a kan Zariya.

Habu mijina ne. A wancan lokaci bakina bai taɓa furta sunan nan ba, Malam nake cewa, ko Baban Talatu. Ya bar gida da sunan zai yi aikin awon gyaɗa, ya ce da kaka zai dawo. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ko saƙon baka babu. Da don ta ni ce, da tuni na je gaban alƙali an raba. Inna ce ta hana ni, mahaifiyarsa, wadda ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ciwo ya kwantar da ita, idonta ya tafi. Ranar da ta laluba ta kama hannuna ta ce in je in zo mata da shi kafin ta cika, ban iya cewa a'a ba. Na bar Talatu a hannun ƙanwarsa, na biyo wata tsohuwa mai fataucin goro, ita kuma ta sauka tun a Kano.

Tun kafin in fita tasha wani dogo mai jajayen haƙora ya tare ni. Fatoma ne, mai saukar baƙi, sunansa Modu. Hausarsa ba ta san mace ba, kowa kai ne a wurinsa.

Ya ce, "Lale, lale. Daga ina kai?"

Na ce, "Daga Zariya. Maigidana nake nema."

"Wa ke nan?"

"Baban Talatu."

Ya bushe da dariya. "Garin nan cike yake da Baban Talatu. Faɗi suna."

Haka na sunkuyar da kai, a tsakiyar 'yan dako da masu tallan rogo, na faɗi sunan da na yi shekaru ina ɓoyo. Modu ya tafa hannu.

"Habu Bazazzage! Abokina ne. Ya shiga ƙauye sayen fata, Jumma'a zai dawo. Zo gidana kai zauna."

Na bi shi ina godiya, har da hawaye. Da muka isa ya ce in ba shi zannuwana biyu na saƙi ya ajiye mini, wai garin akwai ɓarayi. Gaskiya ya faɗa, akwai su, ɗaya daga cikinsu ma shi nake miƙa wa kayan. Washegari matarsa ta nuna mini turmi. Gidan kullum cike yake da fatake, masu kanwa da masu ƙaro, kowa da cikinsa. Ni ce daka, ni ce ɗebo ruwa, ni ce wankin rigunan da suka sha gumin raƙumi. Jumma'a ta zo, Modu ya ce ruwa ya tare Habu a hanya. Ruwa, a tsakiyar bazara. Wata Jumma'ar ya ce jakinsa ne ya yi targaɗe. Ana nan sai na ga matar gidan ta fito unguwa da ɗaya daga cikin zannuwana a ƙugunta, tana tafe tana rangaji.

Wadda ta cire ni daga duhu wata Bafillatana ce mai kawo nono gidan, ana kiranta Dudu. Ta gan ni ina daka ina share ido, ta ajiye ƙwaryarta ta tambaye ni. Da na ba ta labari sai ta ce, "Habu mai wushirya? Mai yawan surutu?"

Na ce shi ne.

"Ayya, 'yar'uwa. Ai wannan ya daɗe da barin awo. Wani makaɗi ya zo biki daga Damagaram, Tambai mai kalangu, shi ya bi. Amshi yake masa. Yanzu duk makaɗa Gashuwa suka nufa, wasan masunta ya kusa."

Taɓaryar ta kusa faɗo mini a ƙafa. Mutumin da ubansa ya tsufa yana karantar da yara a zaure, mutumin da ya taɓa yi mini faɗa don ya ji ina 'yar waƙa a bakin murhu, shi ne ɗan amshi.

Na tare Modu a ƙofar gida na gaya masa abin da na ji. Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Au, wannan Habu kai kake nema? Ni wani Habu nake nufi." Na juya masa baya. Na shiga cikin gida, na fizge zanena ɗaya daga kan igiyar shanya, na fita. Ɗayan yana jikin matarsa, na bar mata, ta yi ado da kayan sata.

Zanen nan na sayar na shiga wata motar lodi mai ɗauke da gishiri da kananzir. Direban wani gajere ne mai baƙin tabarau, yana jin kansa kamar shi ya ƙera motar. Hanya ba hanya ba, yashi ne zalla. Mu ɗan taɓa tafiya sai taya ta nutse, sai ya leƙo ya ce, "Kowa ya sauka ya tura!" Maza da mata, har da wani tsoho mai tari, mu tura, shi yana zaune a ciki yana ɓantarar goro. In aka haɗa lissafi, mu muka kai motar nan Gashuwa, ba ita ta kai mu ba.

A Jajimaji ta lalace gaba ɗaya. Na zauna a gindin wata aduwa, maƙogwarona kamar an zuba toka. Wata mata ta fito daga wani gidan zana da goyo a bayanta, ta dube ni, ta koma, ta dawo da ruwa a moɗa da ɗan curin gumba. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata. Ta nuna goyonta, ta nuna ni, alamar tana tambaya ko ina da nawa. Na ɗaga hannu daidai tsayin Talatu. Sai kuka ya ƙwace mini. Matar ta zauna kusa da ni har aka kira mu turi. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Gashuwa garin ruwa ne. Tun daga nesa ƙaurin banda ke tarbar mutum, sauro kuma ya karɓe shi. Ban san kowa ba, ba ni da abin da zan sake sayarwa. Ina cikin yawo a bakin kogi sai na hango hayaƙi a bayan wani babban gida, mata sun fi a ƙirga suna fama da manyan tukwane. Wata ƙatuwar Babarbariya na tsaye a tsakiyarsu da muciya tana ba da umarni. Ya Fanna ake kiranta, ita ma Hausarta irin ta Modu ce, kowa kai ne.

A wurinta na ji yadda abin yake. Duk bazara, in ruwa ya ja baya aka gama babban su, masunta da fataken banda sukan haɗu su gayyato makaɗa daga ko'ina, a yi kwanaki ana wasa a ƙarƙashin tsamiyoyin bakin kogi. Matan gari su ke dafa wa baƙi abinci, aikin gayya. Nan take na gane in ina cikin masu kai akushi masauki, babu makaɗin da zai wuce ban ga fuskarsa ba.

Na ce, "Ya Fanna, ina so in taya ku."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Nan ba a biya fa."

"Ban zo a biya ni ba."

"Ka iya tuƙi?"

Na karɓi muciyar daga hannunta. Kafin tukunyar ta sauka ta ce a nuna mini inda zan ajiye ƙunshina a ɗakinta.

Na ga mutane iri-iri a wasan nan, yawancinsu ba abin da za a ɗauka a jikinsu. Fataken banda su zo da manyan riguna, sun yi wanka da turare amma ƙarnin kifi ya ƙi barinsu, kowa na zaune yana kumbura yana jiran a ambaci sunansa kafin na maƙwabcinsa. In aka wasa wani, sai ka ga na kusa da shi ya haɗe rai kamar an yi masa mutuwa. Makaɗan kuma, in ka kai musu akushi, kafin ka juya sun tsame naman sun tura a aljihu, sannan su kira ka su ce an kawo musu gaya.

Amma kiɗan, shi kam ba ni da abin cewa. Ni da aka rena a gidan da ake rufe ƙofa in an ji ganga, sai ga ni da la'asar ina sauri in gama wanke-wanke don kada a fara ba ni. Akwai wasu masu algaita biyu, kumatunsu kamar goruna, su busa tun inuwa na nan har ta kai can ba ka ga inda suka ja numfashi ba. Akwai wani siririn Bafillace da sarewar kara, ba ya duban kowa, ba ya roƙon kowa, in ya busa sai ka ji kamar kai ma kana da shanu a wani daji suna jiranka. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Kaka Zainaba, wata tsohuwa daga cikin Badawa. Ƙwarya ake kifa mata a cikin babban kwano na ruwa, ta riƙa bugawa da 'yan sanduna a hankali, tana waƙa da harshensu. Da ta fara sai wurin ya yi tsit, har fataken suka daina gyaran riga. Na taɓa Ya Fanna na ce me take cewa.

Ta ce, "Sunayen waɗanda ruwa ya ci yake kira. Kowa da ubansa, da inda ya nutse."

Wata mata a gabana ta ji an kira nata, ta rufe fuska da mayafi. Ni ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na tsinci kaina ina kuka tare da ita.

Tambai mai kalangu bai zo ba sai da wasa ya yi nisa, don a ce an jira shi. Ya shigo a kan wata ramammiyar goɗiya ta aro, ciki a gaba, hula a karkace. Yaransa na biye. Na ƙarshensu, mai ɗauke da tabarma da buta, cikin wata riga da ta fi ƙarfin kafaɗunsa, shi ne uban 'yata.

Ni na kai musu abinci. Da idonsa ya faɗa a kaina sai ya saki lomar da ke hannunsa. Ya bari na fita, ya biyo ni bayan danga.

"Dije! Me ya kawo ki nan?"

Na ce, "Inna ce ta aiko ni, Malam. Tana kwance, idonta ya tafi. Ta ce ka zo ta ji muryarka."

Na zaci zai zauna a ƙasa, ko ya yi salati. Waiwaye ya yi, ya ga ko akwai mai jin mu.

"Rage murya. Nan ba su san ina da iyali ba. Na gaya musu ni jinin sarauta ne, rikicin gado ya fito da ni."

"Wace sarautar? Gadon allo da tawada?"

"Don Allah, Dije, kada ki tona mini asiri. Maigida Tambai ya yi mini alkawarin zai fara ba ni kalangu in riƙe. In na tafi yanzu wani zai ba."

Na tsaya ina jira ya tambayi Talatu. Bai tambaya ba. Abin da ya tambaya shi ne ko zan iya ƙara masa nama a nasa akushin ba tare da an gani ba.

Da na koma madafa na kwance ƙunshina. Akwai daddawa da kuka da Inna ta sa aka ƙulle wa ɗanta, ta ce ta san ya yi kewar miyar gida. Duk wahalar Nguru ban taɓa su ba. Daidai lokacin aka aiko cewa Tambai na ta mita, wai ya gaji da kifi safe da rana, in ba a sake masa ba zai koma. Ya Fanna ta yi tsaki ta ce ya koma ɗin. Na ce ta bar ni da shi. Na zazzage ƙullin nan duka a tukunya, na kaɗa miyar kuka irin ta gidanmu. Gara kowane baƙo ya ci da a ce Habu ya ci shi kaɗai.

Akushin ya dawo kamar an wanke. Tambai ya aiko a tambayi wadda ta yi, Ya Fanna ta ce a gaya masa Dije ce Bazazzagiya.

Da la'asar aka ba shi fili. Mutumin nan mai haɗama ne, mai girman kai, ba na ko son ganin yadda yake tauna. Amma da ya rataya kalangu ya matse shi a hammata, sai ya zama wani mutum daban. Kalangun nan magana yake yi, ya yi zagi, ya yi lallashi, ya yi dariya. Tsofaffi suka miƙe suna taka rawa. Ni kaina ƙafata sai da ta motsa a ƙarƙashin zane. Ya wasa fataken ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe abin da zai kwasa. Can sai ya sauya kiɗa, ya juyo wajen da mu mata muke tsaye, ya ɗaga murya:

"Dije ta Zazzau, mai daddawa,
Wanda ya ci naki ya bar yawo."

Ya juya ga yaransa. Dole su amsa. Suna durƙushe a jere suna tafi, suka ɗauka gaba ɗaya:

"Wanda ya ci naki ya bar yawo."

Habu na cikinsu. Gumi na zuba daga hularsa, idonsa a ƙasa, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Tambai ya lura muryarsa ba ta fita, ya zungure shi da ƙafa ya ce, "Buɗe baki, ɗan sarki!" Sai ya buɗe. Ya yi ta faɗa, ya yi ta maimaitawa, har mata suka ɗauki guɗa.

Al'ada ce wanda aka wasa ya yi kyauta. Ba ni da komai, amma Ya Fanna ta danƙa mini goro cike da hannu ta tura ni fili. Na ba Tambai nasa, na bi yaransa ɗaya ɗaya. Da na zo kan Habu sai Tambai ya tsayar da kiɗa ya ce, "Yauwa, ga ma ɗan garinku. Ɗan sarki ne fa. Kin san shi?"

Kowa ya zuba mini ido. Kalma ɗaya ta isa in tsiraita shi a gaban garin nan duka, kuma ta zo mini har bakin leɓe. Na dube shi. Yana durƙushe, ya haɗa tafin hannu biyu ya miƙo. Na nemi fushin da na ɗauko tun daga Nguru na rasa. Ba a fushi da abu irin wannan.

Na ce, "Zariya da girma. Ban san shi ba."

Na sakar masa goro a hannu daga sama, yadda ake ba kowane maroƙi. Ya ce, "Allah ya ja zamaninki, uwar ɗakina." Aka ci gaba da kiɗa.

Da safe na same shi yana wanke wa goɗiyar ƙafa a bakin ruwa. Na ce, "Saboda Inna zan sake tambayarka sau ɗaya. Za ka zo?"

Ya ce akwai wani biki a Dapchi, daga can kuma sai abin da maigida ya ce. Amma da kaka, in Allah ya yarda, da kaka lalle zai zo.

Na ce, "To, sake ni."

Ya ɗago kai, kuma wallahi sauƙi na gani a fuskarsa. Abin da kawai ya roƙa shi ne a yi a ɓoye. Ya Fanna, wadda na riga na gaya wa komai, ta kai mu zauren limamin unguwarsu, aka kira mijinta da wani dattijo. Liman ya yi masa nasiha a kan haƙƙin uwa har muryarsa ta dushe, Habu na ta gyaɗa kai yana leƙen ƙofa, kada maigida ya neme shi. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya gama wani aiki da sauri kamar sakin nan ba. Da ya fita Ya Fanna ta tofar da yawu ta faɗi wata kalma da Barbarci. Ban nemi fassara ba, na gane.

Ban tafi ran nan ba. Na ce tunda na fara aikin gayya sai na ga ƙarshensa. Na ci gaba da tuƙi da kai akushi, da la'asar in sami wuri kusa da Kaka Zainaba in zauna. Ranar da aka tashi, Ya Fanna ta cika mini ɗan kwando da banda, ta sa ni a motar wani ƙaninta mai kai kifi tasha, ta ja masa kunne kada ya karɓi komai a hannuna. Ta ce da ni, "In duniya ta matsa maka, ka san ɗakina." A Nguru na hangi Modu a bakin tasha ya tare wani baƙo yana lale lale. Na wuce ta gabansa na ce wa baƙon ya riƙe kayansa da kyau.

Na tarar da Inna ta ƙara ramewa, sai numfashi. Talatu ta ruƙunƙume ni ta ƙi saki. Na durƙusa a bakin gadon na gaishe ta. Ta laluba fuskata, sannan ta miƙa hannu bayana tana laluben iska. Da ta ji ba kowa sai ta mayar da hannun a hankali.

Ta ce, "Kin gan shi?"

"Na gan shi, Inna. Lafiyarsa ƙalau."

"Me yake yi a can?"

Na gyara mata mayafi. Sannan na ce, "Roƙo yake yi."

Fuskarta ta saki. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To a bar shi, kada a katse shi. Allah ya karɓa masa."

Na ce amin. Ban gaya mata cewa ni yanzu ba surukarta ba ce. Na tashi na hura wuta, na dama mata kunu.